Jinjina ga Mahaya Keke a Ayari

In masu keke suka jeru, taya na bin taya, tazarar ba ta wuce taƙi biyu ba, na baya ba ya ganin kwalta. Na gaba ne idonsa: da ya hango rami sai ya nuna da yatsa, alamar ta bi layi har na ƙarshe. In iska ta gajiyar da shi ya kauce, wani ya karɓe shi. Ba mai kama birki babu sanarwa. Wannan amana tana burge ni ƙwarai.

Ko a gasa akwai kara. A gasar keke ta Tour de France ta 2022 Pogačar ya faɗi a gangara, abokin hamayyarsa Vingegaard ya sassauta ya jira shi, suka gaisa.

Mai mota, in ka cim ma ayarin masu keke, don Allah ba su fili.