Diddigen Yakubu da hasarar fassara

Mai karanta littafin Farawa da Hausa a Yamai, tun daga fassarar 1932, zai tarar a 25:26 cewa an haifi Yakubu riƙe da diddigen Isuwa, amma kunnensa ba zai ji dangantakar sunan da gaɓar ba. A Ibrananci diddige shi ne "akeb", suna namiji daga saiwar ayin, ƙof, bet. Aikatau "akab" yana nufin bin sawu har a ƙwace matsayi, zargin da Isuwa ya yi a 27:36. Hausa ta ari wannan saiwa ta hanyar Larabci, cikin "aƙiba" da "uƙuba", wato abin da ke biyo bayan aiki. Mai fassara da ya yi bin diddigi zai samu makaminsa a gida.