Gada a Idon Mai Zane: Ra'ayi Kan Hotunan Fadamar Haɗeja

Duk wanda ya saba duba zane-zanen ɗalibanmu 'yan ƙasar Haɗeja zai lura cewa gada ta cinye musu takarda (ta sumunti nake nufi, ba ta dawa ba). Ban ga laifinsu ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, babu tsaunin da ido zai sauka a kai. Daga bakin gari har Baturiya sai ruwa da ciyawa da gonakin shinkafa. To, a irin wannan fili gada ce miƙaƙƙen layin da ya ɗaga sama, ta raba hoto biyu, ta kuma ba mai zane inuwarta a cikin ruwa kyauta.

Inda nake da ja shi ne yadda ake zana ta. Galibi sai a ɗauki rula a jera ginshiƙai, a shafa shuɗi a ƙarƙashi, a ce wai kogi ke nan. Wannan ai aikin injiniya ne. Yaushe kogin Haɗeja ya taɓa yin shuɗi? A watan Agusta launin kunun kanwa gare shi. Kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, halinsa ya sake: ya daina ƙafewa sarai da rani, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. A ambaliyar 2022 gadoji sun karye a Jigawa, jama'a suka koma kwalekwale. Ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardun ba.

Dubi Monet, mutumin Faransa. Daga 1899 ya zana gadar Waterloo ta Landan sama da sau 40, ba don gadar ta motsa ba, sai don hazo da haske suna sakewa. Shi kuwa Hiroshige na Japan, a 1857 ya zana gadar katako, amma abin da ke kama ido shi ne mutanen da ruwan sama ya rutsa da su a kanta. Van Gogh ya kwaikwayi hoton a 1887.

Hazon hunturunmu bai gaza na Landan ba. Ga masunta a gindin gada, ga garken shanu yana tare motoci, ga tabon da ruwan kowace damina ya bari a jikin ginshiƙi, wani bisa wani. Tabon nan ne ma ɗalibai suka fi sharewa, wai don hoto ya fita fes.