Jita a Kunnen Zango: Wane Makaɗi Ne Na Kowa?

Akwai gardamar da ba ta tsufa a majalisun shayi na Sahel, daga Agadas har Bobo-Julaso: a cikin makaɗan jita, wane ne wanda in an sa kiɗansa ba mai cewa a canja? Ba wanda ya fi kowa saurin yatsa ake nema ba. Ana neman wanda dattijo mai goro a baki da yaro mai waya a hannu, mai son rawa da mai son natsuwa, za su zauna kan tabarma ɗaya su saurare shi har ya dire. Galibi akan raba gardamar da lissafin Turawa. A ce mujallar Rolling Stone ta Amurka, a jerin gwanayen jita 100 da ta fitar a 2003, Jimi Hendrix ta sa a kan gaba, Ali Farka Touré kuwa na 76. Ko a shiga ƙirgen kyaututtukan Grammy. Wannan ma'auni ba abin rainawa ba ne, amma abin da kunnen Landan da New York ya karɓa kawai yake nunawa, kuma kunne ɗaya ne komai faɗin kasuwarsa. Mai son sanin kiɗan da ya ratsa kunnuwa mabambanta, sai ya je inda masu kunnuwan ke zaune ƙofa da ƙofa, wato zango.

Na Wagadugu ya isa misali. Tun zamanin fataucin goro, da ayarin Kano da Katsina ke ratsa ƙasar Mosawa zuwa Gwanja, Hausawa suka kafa zama a birnin. A da, unguwarsu ta Zangouettin na manne da Peuloghin da Tiedpalogo da Koulouba, a tsakiyar gari, ba nisa da babbar kasuwar Rood Woko da titin Kwame Nkrumah. A 2003 gwamnati ta rushe waɗannan unguwanni ƙarƙashin shirin ZACA don ta gina cibiyar kasuwanci, aka kwashe mazauna zuwa filaye a gefen Ouaga 2000 da Nioko. Gidaje sun tafi, amma irin kunnen da aka raina a wurin yana nan tare da mutanensa. Yaron da ya tashi a can Hausa yake ji a tsakar gida, Fillanci a bakin maƙwabci, Mosanci a kasuwa, Julanci wajen direbobin Bobo, Faransanci a makaranta. Kaset ɗin Shata da na Ɗan Maraya sun zo masa daga Najeriya cikin kayan 'yan kasuwa, rediyo ya ba shi Georges Ouédraogo da Amadou Balaké da rumbar Kwango. Ga shi Burkina Faso ƙasa ce da tsohon shugabanta kansa, Thomas Sankara, ya kaɗa jita a ƙungiyar Tout-à-Coup Jazz, birnin kuma na shirya bikin Jazz à Ouaga tun 1992. Makaɗin da ya ci jarrabawar wannan kunne ya ci mai wuya.

Wuyar ta fi tsanani ta ɓangaren Bahaushe, domin shi magana yake saurare. Abin da ya sa ake sake kaset ɗin Shata har ya tsinke kalmominsa ne, da kirari da zambo da habaici, kalangu na biye da su. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ya cika duniya, kuntigin da aka ɗaure bisa gwangwanin kifi, don abin da ke bakinsa ya fi abin da ke hannunsa nauyi. Saboda haka makaɗin jitar da ke waƙa da harshen da Bahaushe ba ya ji ya riga ya rasa rabin dukiyarsa tun daga bakin ƙofa. Hannunsa kaɗai ya rage masa. Hannun kuwa ba ya karɓuwa sai in ya yi abin da molo da gurmi da garaya suka saba wa kunne: sauti mai matakai biyar, tsirkiya guda da babban yatsa ke bugawa ba fashi ta zama ƙasan kiɗan, sauran yatsu su ɗauko gajeriyar jimla su ajiye, su sake ɗaukowa da ɗan canji, kamar mai waƙa da 'yan amshinsa. Kiɗan zagayawa yake yi, ba ya gaggawar isa wani wuri. Mutumin da ya saba jin take a bakin kalangu yana sa ran tsirkiya ma ta yi magana.

A kan wannan ma'auni, a ganina, Ali Farka Touré ba shi da na biyu. An haife shi a 1939 a yankin Timbuktu, ya tashi a Niafunké a bakin kogin Kwara. Ba da jita ya fara ba. Gurkel ya fara riƙewa, ɗan molon Songai mai tsirkiya ɗaya, sannan njarka, wadda ita ce kukumarsu. Sai a 1956 ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa jita, ya ƙudurta zai koya. Abin da ya yi da ita shi ne duk sirrinsa: bai bar hannun gurkel ya koyi na Turawa ba, jitar ya tilasta wa ta bi hannun da ya zo da shi. Ya yi aiki a Rediyon Mali a shekarun 1970, ya yi waƙa da Songai da Fillanci da Buzanci da Bambaranci, harsunan da ke haɗuwa a kasuwar kowane gari na bakin kogi. Bafillatanin Peuloghin na jin kalmominsa kai tsaye, Bazabarme na tsintar nasa, Bahaushe kuwa ko bai ji kalma ɗaya ba, yatsun sun gaya masa wannan ɗan gida ne.

Da Turawa suka ji shi sai suka ce sun gano tushen bulus, kiɗan baƙaƙen Amurka, suka jera shi da John Lee Hooker. Faifan Talking Timbuktu da ya yi da Ry Cooder a 1994 ya ci Grammy, In the Heart of the Moon da ya yi da Toumani Diabaté ya ci wata a 2006, 'yan makonni kafin rasuwarsa a Bamako a watan Maris na shekarar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne faifai ɗaya ne ke gamsar da ɓangarorin biyu. Ba a yi wa Turawa nasu daban, an yi wa 'yan gida nasu daban ba. Baturen na jin bulus, mutumin zango na jin gurmi, kowa ya shigo ta ƙofarsa sun tarar da juna a ɗaki guda. Kuma mutumin bai taɓa sauya zama don kasuwa ba: noman shinkafa ya ɗauka sana'arsa ta farko, a 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunké, ya zuba kuɗinsa a hanyoyi da lantarkin garin. Dattijon da ke ƙyamar makaɗi saboda roƙo ko shashanci bai sami abin kamawa a jikinsa ba. Wannan ma yana cikin abin da ke sa a bar kiɗa ya ci gaba a gaban manya.

Bombino, wato Omara Moctar na Agadas, Wagadugu na da haƙƙi a kansa. Da tawayen arewacin Nijar ya sake ɓarkewa a 2007, hukuma ta ɗauki jitar Buzaye a matsayin muryar 'yan tawaye, aka kashe biyu daga abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere zuwa Burkina Faso. A Wagadugu mai shirya fim Ron Wyman ya iske shi a 2009, bayan ya ji kaset ɗinsa a Agadas. Daga nan hanya ta buɗe: komawa gida da wasan da ya yi a gindin babban masallacin Agadas a Janairun 2010, faifan Agadez a 2011, Nomad a 2013 da Dan Auerbach ya tsara, sai Deran na 2018 da ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar Grammy. Yana yaro a gudun hijira a Aljeriya da Libiya ya ƙura wa bidiyon Hendrix da Mark Knopfler ido. Son da Buzaye ke yi wa Knopfler ba abin mamaki ba ne, da fatar yatsa yake kaɗawa, sautinsa a wanke, jimlolinsa gajeru masu amsa juna. In akwai Baturen da ya kusa cin jarrabawar zango, shi ne, ya fi Hendrix nesa ba kusa ba, domin rugugin Hendrix na gajiyar da kunnen da ya saba da molo. Bombino ya tsaya tsakani. In ya ɗauki jitar katako, dattijo zai saurara. In ya jona lantarki ya ƙara wuta, samari ne nasa.

Al'amarin Mdou Moctar ya fi ɗaure kai, ya kuma fi shafar mu Hausawa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da fiyano da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya sayar da shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi tafiya, ta Bluetooth da katin ajiya, a tasha da shagon caji, har ya kai arewacin Mali, inda Christopher Kirkley ya tsince shi ya sa waƙar Tahoultine a tarin Music from Saharan Cellphones na 2011. Yau Mdou Moctar, bahagon makaɗi da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, yana ƙarƙashin kamfanin Matador na Amurka, faifansa Afrique Victime na 2021 ya sa masu son kiɗan rok suna jera shi da Van Halen. Sai dai masoyansa kashi biyu ne da ba su cika haɗuwa ba. Na Sahel sun fara son mai taushin murya na Sakkwato, na Amurka suna son mai tsawa. Mutum ɗaya ya mallaki kasuwa biyu da kaya iri biyu, wanda gwaninta ce babba, amma ba abin da Ali Farka ya yi ba ne.

Victor Démé na Bobo-Julaso, tela ɗan mawaƙiya, sai da ya kai shekara 46 ya fitar da faifansa na farko a 2008, wanda aka naɗa a Wagadugu. Muryarsa da jitarsa ta katako sun shiga zukata a Burkina da Faransa, amma miliyoyin da suka san shi a Turai sun san shi ne ta waƙar Djon Maya bayan ƙungiyar Synapson ta ɗora mata bugun gidan rawa a 2014. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a Satumban 2015. Ina ganin zalunci ne a auna shi da wannan gaurayen, don abin da ya yaɗu ba hannunsa ba ne. In yaɗuwa kawai ake ƙirgawa, Prince Nico Mbarga da Sweet Mother ta 1976 ya wuce su duka a Afirka ta Yamma, sai dai shi ma maganar uwa ce ta ɗauke shi, jitar na biye.

Kalmar "kowa" ma tana buƙatar a taka mata birki. Gardamar jita ta maza ce, ta majalisa. A bikin aure na zango, mata ne masu fili, kuma abin da suke so a sa musu waƙoƙin Nura M. Inuwa ne da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, ko a kira masu kalangu. Akwai kuma gidajen malamai da ba sa sauraron kiɗa kowane iri. Matan da suka riƙi jita kaɗan ne, shi ya sa Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, wadda ta haɗa jita da kiɗan tende na matan Buzaye, take da muhimmanci fiye da yadda 'yan majalisa ke ba ta.

Abin da ke ci mini rai a wannan gardama shi ne sunayen da ake jerawa babu Bahaushe a sahun gaba. Bala Miller ya yi waƙoƙin Hausa da kayan zamani a shekarun 1970 da 1980. Sa'adu Bori na Maraɗi ya fita duniya a faifan Niamey Twice na 1994 tare da Moussa Poussy. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda alƙali kuma makaɗin jita Almeida ya kafa, tana waƙa da Hausa cikin harsunanta. Amma a waƙar Hausa mawaƙin ake tunawa, ba a tambayar wa ya riƙe tsirkiya. Da finafinan Kano suka bunƙasa a shekarun 1990, sai kiɗanmu ya tsallaka daga kuntigi zuwa fiyano kai tsaye, saboda arha: mutum ɗaya a situdiyo ya maye gurbin makaɗa shida. Jitar ba ta sami lokacin zama a hannunmu ba, kayan gargajiyar kuma suka rasa almajirai. Alhali abin da Ali Farka ya gina a kai muna da irinsa jibge. Gurmin Haruna Uji na Haɗeja yana nan a faifai, haka na Malam Maman Barka na Nijar da ya rasu a 2018, haka garayar 'yan bori da ta mafarauta, kowanne da salon bugunsa da takensa. Yaron Zariya ko na Maraɗi ko na Nioko da ya sayi jita yau, bidiyon Bombino yake buɗewa ya kwaikwaya, sai ya zama na goma a layin da Agadas ta riga ta cika. Da zai zauna wata shida da faifan Haruna Uji, ya ɗora bugun tsirkiya biyun nan a kan shida, ya sa waƙar da Bahaushe zai ji kalmominta, da ya shigo zango da abin da ko Ali Farka bai shigo mana da shi ba: hannun da maganar a tare.