Wa Ya Cancanci a Zuba Masa Tagulla?

A titin Wangfujing na birnin Beijin, cikin cunkoson masu sayayya, akwai wanzami riƙe da aska yana yi wa wani aski, ga kuma mai jan keken ɗaukar mutane tsaye da kekensa. Dukkansu na tagulla ne, tsawonsu daidai da na mutum, kuma a ƙasa suke, ba a ɗora su kan dogon dandamali ba. Yara na hawa keken a ɗauke su hoto, duk inda hannu ke yawan taɓawa ya goge har yana ƙyalli. Tun ƙarshen shekarun 1990 wannan salo ya bazu a biranen Sin. A titin Jianghan na Wuhan mai dafa taliya aka zuba, a Gwanzu kuma, garin da 'yan kasuwarmu suka sani sarai, mai sassaƙa Xu Hongfei ya yi suna da siffofin mata masu ƙiba suna wasa da dariya.

Ba kira nake yi a kafa mutum-mutumi a Anka ko Gummi ba. Hukuncin sassaƙa mai rai sananne ne a wurin malamanmu, kuma ina kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda aka zaɓa. Tagulla ƙarfe ne mai tsada, a Ife da Benin ma a da yawanci fada ake yi wa aikinta. Mutanen Sin kuwa suka ɗauke ta suka ba wanzami da mai taliya, wato sun yarda cewa sana'ar talaka ta isa a tuna da ita shekaru aru-aru.

Ina da ƙorafi a kansu duk da haka. Da yawa an yi musu kwalliya fiye da kima: mai jan keken ba gumi, ba alamar yunwa, kuma an kafa irinsu ne a lokacin da ake rushe tsofaffin unguwannin da masu waɗannan sana'o'i suka rayu. Idan za mu ɗauki wani abu daga gare su, kada mu haɗa da wannan.

Masu zubi muna da su. Je ka tsaya wurin masu zuba tukwanen alminiyam ranar kasuwa. Za ka ga an danƙare ƙasa mai danshi cikin akwatin katako, an danna tsohuwar tukunya ta bar siffarta, an zare ta a hankali don kada gefe ya zube. Yaro na juya zugazugi, gwangwanaye da tarkacen inji suna narkewa, sai maigidan ya kwashe dattin da ya taso sama, ya tsiyaya ruwan ƙarfen ta wata 'yar kafa ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Wanda ya iya wannan, in ya sami horo wurin maƙeran Bida ko masu zubin kakin zuma na Agadas, tagulla ba za ta gagare shi ba. Abin zubawa kuma yana nan birjik ba tare da an siffanta mai rai ba: garma, galma, kwalekwalen da ke ƙetarar da manoman Gummi zuwa gona.

Amma in ni za a tambaya, turmi da taɓarya za a fara zubawa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma da Tungar Guru. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida, a daka, a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka sha magani a hannun likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Yaran da aka haifa bayan nan yanzu sun kai shekarun shiga rami neman zinariya, kuma rahoton da ke ajiye a ofis ba zai isa gare su ba. Turmin tagulla a bakin kasuwar Anka, da sunayen ƙauyukan a jikinsa da boko da ajami, zai sa yaro ya tambayi uwarsa, ita kuma ta ba shi labari da bakinta.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta ba. Masu zubin tagulla sukan ƙara dalma don ƙarfen ya gudana sosai cikin ƙira, tarkacen da ake narkarwa ma kan zo da ita. Dole a gwada ƙarfen kafin a hura wuta, a yi aikin nesa da gidaje, domin yara za su taɓa turmin nan kullum, su kai hannu baki.