Yadda Mai Turaren Wuta Take Gina Sunanta

A gidan biki a Maiduguri ko Kano, sai ki ga mata sun shaƙi hayaƙi sun ce, "Wannan haɗin wance ne." Ba su ga kwalba ba, hannun suka gane. Kafin mai turare ta kai nan, ta yi shekaru tana aikin da ba a gani.

Da farko takan tsayar da haɗi guda. Icen sandal, hawi, kajiji, da farce, wato ɓawon wata halittar teku da ake wankewa a soya don ya riƙe ƙamshi. Sai sukarin da ake narkawa ya kama icen, sai madarar turare. Kowanne da awonsa, kuma a rubuce yake a littafi. Mai awo da ido, yau nata ya yi daɗi, gobe ya yi ƙauri, hanci ba zai taɓa haddace ta ba.

Sai sutura: kwalba iri ɗaya, takarda launi ɗaya, suna gajere mai daɗin faɗa, wasu har da rajista a hukumar CAC. Tun 2017 da WhatsApp ya kawo sitatus, inda hoto ke ɓacewa bayan awa 24, shagonta ya koma cikin wayar mutane. Hoton tukunyarta take ɗorawa, da hannunta a kan muciya. Ba ta aron na wata.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen jin ra'ayi. Mu mutane ne masu kara. Ki tambayi Bahaushiya "Ya turaren?" za ta ce "Ma sha Allah," ko da tari ya sa ta. Gwanar ta san haka, shi ya sa takan bari a kwana uku, sannan ta aika saƙon murya: "Hajiya, da kika turara ɗaki da dare, zuwa safe akwai saura a labule? Hayaƙin ya yi yaji a ido? A kasko kika sa ko a na lantarki?" Tambayar ƙarshen nan ilimi ce. Garwashi mai ruruwa yana ƙona sukari ya kawo ƙauri, sai wanda ya fara toka ne yake sakin ƙamshi a hankali. Da amsar take gane ko laifin haɗi ne ko na wuta.

Sabon haɗi kuwa, a ƙananan robobi marasa suna take raba shi: ɗaya ga dattijuwa, ɗaya ga amarya, ɗaya ga wadda ba ta jin nauyinta. Idan mutum ɗaya ya yi ƙorafi, ta rubuta ta jira. Idan uku suka faɗi abu guda, ta gyara, kuma abu ɗaya tak take sauyawa a tukunya ta gaba don ta san me ya yi aiki.

Har shiru tana karantawa. Takan buɗe littafi ta nemo wadda ta saya sau ɗaya ba ta dawo ba, ta kira ta da gaisuwa, ta saurara ba tare da kare kanta ba. Wata mai turaren kuwa, da ta ga ƙorafi, gogewa take yi ta koma barci.

Don haka, 'yar'uwa, idan saƙonta ya shigo wayarki, ki ajiye kara ki faɗa mata ainihin abin da hancinki ya ji.