Faifan "Mother India" a Ƙasar Noman Rani: Tsokaci a kan Tara Waƙoƙin Fim

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani abu da manazarta adabin Hausa suka daɗe suna tsallakewa, watau tsofaffin fayafayan garmaho na waƙoƙin finafinan Indiya. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne, waƙoƙin ba da Hausa aka yi su ba, saboda haka ba su shiga gonarmu ba. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne cewa waɗannan fayafayai shaida ne a kan tarihin kunnen Bahaushe, kuma wanda bai saurare su ba, akwai wani sashe na waƙar Hausa ta zamani da ba zai iya yi wa hukunci da adalci ba. Za a kafa hujja da faifai guda, na fim ɗin "Mother India", kamar yadda aka same shi a yankin Kura da Bunkure.

2.0 Fim ɗin da Wurin

Mehboob Khan ne ya shirya "Mother India" a 1957. Nargis ta fito a matsayin Radha, matar da surukarta ta ci bashin rufi 500 a wurin mai ba da rance, Sukhilala, don hidimar aure, bashin da ya zama sanadin da ake karɓe musu kashi uku cikin huɗu na amfanin gona kowace kaka. Fim ɗin ya buɗe ne da ranar da aka roƙi Radha, bayan ta tsufa, ta buɗe sabuwar hanyar ruwa da aka haƙa wa ƙauyensu. Da wannan hanyar ruwa kuma ya rufe, inda ruwan ya rikiɗe mata ja, saboda tunawa da ɗanta Birju wanda ta harbe da hannunta don kare mutuncin 'yar Sukhilala.

Tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suke shigo da finafinan Indiya gidajen silima na Kano, kuma kaɗan ne suka samu karɓuwa irin ta wannan. Amma a yankin Kura labarin ya ƙara kusanto mutane. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan hanyoyi zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, aka sake yanka gonaki, aka shiga noman alkama da tumatir da shinkafa da rani. Manomin da ya ga Radha tana buɗe ruwa a majigi, ya zo ya ga an buɗe nasa a zahiri. Bashin da ake ci kafin shuka a biya bayan girbi kuwa, ba sai an fassara masa ba.

A wani ƙauye na ƙasar Bunkure ne wani dattijo ya fito mini da akwatin ƙarfe mai ɗauke da fayafayai, waɗanda ya ce ya riƙa saye a Sabon Gari duk shekarar da alkama ta yi kyau. Garmahonsa ya daɗe da mutuwa. Cikin akwatin akwai babban faifan "Mother India", da bangonsa.

3.0 Abin da Faifan ya Ƙunsa

Naushad ne ya tsara kiɗan, Shakeel Badayuni ya rubuta baitoci, masu rerawa kuwa sun haɗa da Lata Mangeshkar da Shamshad Begum da Mohammed Rafi da Manna Dey. Gwanintar Naushad a nan ita ce yadda ya ɗauki karin waƙoƙin ƙauye, na biki da na girbi da na rakiyar amarya, ya ɗora su a kan taron kayan kiɗa masu yawa, ba tare da sun rasa ƙamshin ƙauyensu ba. Yawancinsu suna da jagora da 'yan amshi, kuma amshin gajere ne mai komowa. Wannan zubi Bahaushe ya san shi tun daga waƙar gayya da ta daɓe da ta niƙa. Ina ganin nan ne sirrin karɓuwarsu ga mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta harshen, in ban da 'yan kalmomi irin su "duniya" da Larabci ya raba mana da su.

Sai dai faifan yana da naƙasa, kuma wajibi ne a faɗe ta. Ya tsame waƙoƙin daga cikin labarin. Littafin bashin Sukhilala ba ya cikinsa, haka nan ambaliyar da ta cinye gonar Radha, haka nan jan ruwan ƙarshe. A majigi, waƙar da Radha take yi tana jan garma da wuyanta a madadin sa, abar tausayi ce mai nauyin kallo. A faifai kuwa, zaƙin muryar Lata ya rinjayi wahalar, har mutum ya iya jin ta yana shan shayi. Wanda ya san fim ɗin ta hanyar faifai kaɗai, rabi ya samu.

To, amma wannan rabin shi ne ya shigo adabinmu. Labari ya tsaya a silima, kari kuwa ya bi faifai da Rediyon Kaduna, daga baya kaset, ya shiga har gidajen da matansu ba su taɓa taka ƙofar silima ba.

4.0 Amfanin Faifan ga Mai Nazari

Aron kari ba baƙon abu ba ne a waƙar Hausa. Marubutan ƙarni na 19 sun ari ma'aunan Larabci, kuma manazarta sun nuna cewa Aliyu Namangi ya gina Imfiraji a kan karin waƙar Caji. Haka Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin Indiya ya sa masa Hausa. Haka masu bandiri na Kano suka yi wajen begen Annabi (S.A.W.), abin da Brian Larkin ya yi nazari a kai. Sa'an nan mawaƙan finafinan Hausa, waɗanda Abdalla Uba Adamu ya bi diddiginsu, suka faɗaɗa abin da fiyano daga shekarun 1990.

Ga inda matsalar take. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. In mawaƙi ya cusa kalmominsa cikin karin da aka ɗinka wa wani harshe, dole wani wuri ya ja gajeren wasali, wani wuri ya ɗaga sautin da ya kamata ya faɗi. Mai nazarin da bai san asalin karin ba zai ce mawaƙin ne bai iya ba, alhali kuwa wata sa'a gwaninta ce ya nuna wajen rage ɓarnar. Ba a auna waƙar aruli sai an san bahrinta. Faifai shi ne bahrin waɗannan waƙoƙi.

Bangon ma yana da darasi. Hoton Nargis ne a kai, amma muryar ta wata ce, baitocin na wani, kiɗan na wani. A gargajiyance, kamar wurin Mamman Shata, mai tsara waƙa shi ne mai rera ta. Rarraba aikin nan, da ɓoye mai murya a bayan mai fuska, shi ne tsarin da finafinan Hausa suka gada.

Mai yiwuwa a ce, ai duk waƙoƙin nan suna intanet. Gaskiya ne, amma intanet ba ta faɗin wace waƙa ce ta iso Bunkure, balle wadda aka fi so. Faifai yana faɗi. A na dattijon nan, layin waƙar garma ya yi fari saboda cin allura, waƙar bikin Holi kuwa kamar ba a taɓa ta ba. Wannan cin allura sharhi ne da masu sauraro suka rubuta ba da alƙalami ba. Mai tara faifai don tsada ko ƙarancinsa yana neman wanda bai da ko ƙwarzane. Mu kuwa, wanda ya sha jiki shi ya fi mana amfani.

5.0 Kammalawa

A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da faifan "Harafin So", tarin waƙoƙin finafinan Hausa masu karin Indiya. Ashe wasu daga nesa suna adana jikokin, mu kuwa kakannin suna lanƙwashewa da zafi a cikin akwatunan ƙarfe, gara tana cin bangwayensu. Abin da ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su yi bai da wuya: a tura ɗalibai su nemi fayafayan, a kwafi sautin, a ɗauki hoton bango, a rubuta inda aka sayi kowanne da wurin da allura ta fi ci, sa'an nan a tambayi mai shi abin da yake zaton waƙar tana faɗi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai gaggawa, domin faifai yakan yi shekara hamsin a ajiye, masu amsar kuwa kullum raguwa suke yi.