Mutuwar Gizo da Mutuwar Jarumin Wasan Kwamfuta

A tatsuniya, wadda mutanen ƙasar Sakkwato kan kira gatana, ana iya halaka Gizo a daren yau, gobe tsohuwa a Taloka ko Wurno ta sake fito da shi lafiya lau, ba kuwa yaron da zai tambayi dalili, gama mai sauraro ba shi ne Gizo ba. A wasannin kwamfuta na almara kuwa, mai wasa shi ne jarumin: shi aka kashe, shi zai tashi. Saboda haka masu ƙaga su kan nemi hujja daga cikin labarin.

A Dark Souls (2011) tashin la'ana ce. Jarumin na ɗauke da wani tambari da ya hana shi mutuwar gaskiya. Sai ya farka gindin wutar da ya huta, abin da ya tara ya zube inda ya faɗi, kamanninsa sun koma na gawa. Hujja ce mai ƙarfi, domin mutuwar da hasara take tafe.

Amma ni na fi ganin gwanintar Prince of Persia: The Sands of Time (2003). Can Yarima ne ke ba da labarin da bakinsa. In mai wasa ya halaka, sai Yarima ya musa cewa haka aka yi, ya koma baya ya gyara. Watau mutuwar tuntuɓen harshe ce ta mai labari. Malamin adabin baka zai gane dabarar nan take, gama haka tsohuwa kan yi in yara sun ce ta ɓata gatana: ta ja baya, ta sake ɗaukowa.